Isnadin Ƙarfe: Abin da Tsohon Jirgin Yaƙi Zai Iya Shaidawa

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku masu fukafukai hawa biyu suka sauka a filin wasan dawakai na Kano. Ƙirar DH.9A ne na rundunar sojan saman Ingila, an haɗa su da katako da zane, kowanne da inji guda da mazauni biyu. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Khartum da Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, da Maiduguri. Jagoransu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham, kuma da wannan tafiya ake buɗe tarihin jirgin sama a Najeriya.

Yau da wuya a sami wanda ya ga saukar nan da idonsa, jiragen kuma sun daɗe da ruɓewa. Duk da haka an san rana, an san hanya, an san ƙira. An sani ne domin akwai mutanen da suka mai da bin diddigin tsofaffin jiragen yaƙi aikin rayuwarsu. A ba su dusasshen hoto ko guntun ƙarfe mai lamba, sai su shafe shekaru suna tono, har su faɗi masana'antar da ta ƙera jirgin, da rundunar da ta karɓe shi, da waɗanda suka tuƙa shi, da ranar da ya faɗi ko aka yanka shi aka sayar da ƙarfen.

Manomin Cheberu a ƙasar Gwandu, wanda jirgin da ya fi sani shi ne na alhazai da ke tashi daga Ambursa, yana da damar ya tambaya: ina amfanin wannan wahala? Malaminsa ma zai iya tsananta tambayar. Jirgin yaƙi makamin kisa ne, kwanakin ɗan Adam kuma ƙididdigaggu ne. Shin haddace lambobin makamai ba lagwu ba ne, ko ma ɗaukaka abin da ya kamata a ƙyamata? Tambaya ce mai nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma kafin a yanke hukunci, ya kamata a ga yadda ake aikin.

Mataki na farko shi ne gane ƙira da ido. Spitfire na Ingila ana gane shi da fukafukansa masu lanƙwasa da ƙafafun da ke naɗewa waje. Hurricane kuwa yana da ɗan doro a bayan matuƙi, ƙafafunsa suna naɗewa ciki. MiG-15 da MiG-17 na Tarayyar Sobiyet sukan rikita baƙo, amma masani zai ƙirga siraran shingayen da ke kan fiffike: biyu a na farko, uku a na biyu. Il-28 yana da inji biyu a ƙarƙashin miƙaƙƙun fukafukai, da hancin gilashi, da wurin ɗan bindiga a wutsiya. Wannan duk yana faɗin jinsi ne kawai. Wane jirgi ne takamaimai, sai an koma ga lamba.

Lambobin kuma iri-iri ne. Akwai haruffan runduna da ake shafawa da fenti, waɗanda ke canzawa duk lokacin da jirgi ya sauya gida. Akwai lambar soja da ke kusa da wutsiya. Akwai lambar masana'anta da aka buga a wani ɗan farantin ƙarfe a cikin jirgin, ita ce mafi wuyar sauyawa. Inji yana da tasa lambar, amma ba a dogara da ita ita kaɗai, domin ana sauya inji. Daga nan sai takardu. Sojan saman Ingila sun ajiye wa kowane jirgi kati mai nuna duk inda aka kai shi, katunan suna gidan tarihinsu da ke Hendon. Kowace runduna tana da kundin ayyukan yau da gobe, waɗanda ke ma'ajiyar takardun gwamnati a Kew. Ga kuma littafin da kowane matuƙi ke cikewa da hannunsa. Idan kati da kundi da littafin matuƙi suka haɗu a kan rana ɗaya da lamba ɗaya, magana ta tabbata. Idan suka saɓa, sai a duba wanne aka rubuta a ranar, wanne aka rubuta daga baya, wane magatakarda ne aka san shi da tuntuɓen alƙalami.

Duk almajirin da ya zauna gaban malamin hadisi zai ji wannan tsari bai zo masa baƙo ba. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Sun yi zamani ɗaya? Akwai wata hanya da ta ƙarfafa wannan? Abdullahi ɗan Mubarak ya ƙidaya isnadi cikin addini, Sufyanus Sauri kuma ya bayyana cewa da lissafin shekaru aka riƙa kama maƙaryatan maruwaita. A ƙarni na 15 Imam Sakhawi ya rubuta littafi sukutum don mai da martani ga masu raina ilmin tarihi. Ƙasar Gwandu kuwa ba sai an koya mata wannan ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma hubbarensa ke garin Gwandu, ya rubuta Ida'un Nusukh don ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowanne, tun daga yayansa Shehu Usmanu har Malam Jibrilu ɗan Umar. Manufarsa ita ce kada wani ya karɓi ilmi daga gare shi ba tare da sanin inda ya samo shi ba.

Ba ana daidaita hadisi da ƙarfe ba ne. Abin da ake nunawa shi ne ɗabi'ar ƙin karɓar labari sai da hujja, wadda Suratul Hujurati ta yi umarni da ita, ba a masallaci kaɗai take aiki ba. Mutumin da ya horu da ita a kan lambar jirgi ba zai yi saurin yaɗa hoton ƙarya a WhatsApp ba.

Kuma sau da yawa ƙarshen binciken mutum ne, ba ƙarfe ba. Ranar 4 ga Afrilu, 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani jirgin Amurka ƙirar B-24 da aka yi wa laƙabi da Lady Be Good ya tashi daga kusa da Bengazi da mutum tara, bai dawo ba. An ɗauka teku ce ta cinye shi. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango shi a tsakiyar hamadar Libiya, kimanin kilomita 700 daga gaɓa. Lambarsa ce ta kai masu bincike ga sunayen mutanen, a 1960 kuma aka gano gawawwakin takwas daga cikinsu, tare da ɗan littafin da mataimakin matuƙi Robert Toner ya riƙa rubuta kwanakin da suka yi suna tafiya a ƙasa da ƙishirwa. Iyalan da suka yi shekara 17 cikin duhu suka sami gawar da za su binne. A 2012 aka sake tsintar wani jirgin, ƙirar Kittyhawk mai lamba ET574, a hamadar yammacin Masar. Katinsa ya nuna cewa Dennis Copping, ɗan shekara 24, ne ya ɓace da shi ranar 28 ga Yuni, 1942. Addinin da ya keɓe babi guda ga hukuncin mutumin da ya ɓace, da iddar matarsa da rabon gadonsa, ba zai kira irin wannan bincike wasa ba.

Abin da ya sami Kittyhawk ɗin daga baya yana buɗe wata tambayar. Da aka kai shi gidan tarihin yaƙi na El Alamein, sai aka cike ramukansa, aka shafe shi da sabon fenti, aka zana masa bakin kifi mai haƙora, alamar da ba ta rundunarsa ba ce. Ƙarfen na asali ne, amma labarin da yake bayarwa yanzu ba nasa ba ne. Masu bincike da yawa sun ji zafin abin.

Ga kuma akasinsa. Spitfire mai lamba P9374 ya sauka dole a bakin teku kusa da Calais a Faransa ranar 24 ga Mayu, 1940, yashi ya haɗiye shi har 1980. Shekara 40 cikin ruwan gishiri ba ta bar abin kirki ba. Aka sake gina shi a Ingila da sabon ƙarfe mai yawa, ya tashi sama a 2011, a 2015 kuma aka yi gwanjonsa a Landan a kan fam miliyan 3.1. Shin shi ne jirgin da ya faɗi a 1940, ko sabo ne ya ari sunan tsoho?

Masana falsafar Girka sun yi wannan gardama tun da daɗewa a kan jirgin ruwan Theseus, wanda Plutarch ya ce mutanen Atina sun riƙa sauya masa katako ɗaya bayan ɗaya. Manomi ma ya san ta ba tare da ya ji sunan Girka ba: fartanyar da ya gada daga kakansa an sauya mata ƙota sau da yawa, maƙeri ya sake mata ruwa, amma har gobe fartanyar kaka ce a bakin 'yan gida. Musulmi yana da misalin da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Ƙuraishawa sun sake ginin Ka'aba kafin aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abdullahi ɗan Zubairu ya sake gina ta, Hajjaju ya yi gyara bayansa, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa Murad na huɗu ya sake ginin bayan ambaliyar 1630. Ba wanda ya taɓa shakkar alƙiblarsa, domin wuri bai gusa ba, shaidar al'umma ba ta yanke ba, kuma an rubuta kowane gini da sunan wanda ya yi shi.

A nan amsar take ga jirgi ma. Abin da ke tabbatar da shi shi ne silsilar da ba ta yanke ba, haɗe da faɗin gaskiya game da abin da aka sauya. Wanda ya ce ga farantin asali, ga guntayen da aka tsamo daga yashi, sauran kuma an ƙera su a shekara kaza, ya sauke amana. Wanda ya ɓoye haka don kuɗi su ƙaru ya yi algus, hukuncinsa a fikihun ciniki ɗaya ne da na mai ɓoye aibin dabba a kara.

Sai dai malamin Cheberu bai gama magana ba, kuma sauran maganarsa ce ta fi nauyi. Katin jirgi yana faɗin inji da matuƙi da awannin tashi. Ba ya faɗin wanda ya biya kuɗin, ba ya faɗin wanda ke ƙasa lokacin da aka saki bam.

Arewa tana cikin kashi na farko dumu-dumu. Daga Satumbar 1940 ake kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da yau ake kira Ghana, a haɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Masar. Kafin ƙarshen 1943 fiye da jirage 5,000 sun bi wannan hanya, kuma wanda ke jiran su a fagen daga shi ne Coningham ɗin nan, wanda a lokacin ya zama kwamandan sojan saman hamada. Talakawan Najeriya da baitulmalin En'e-En'e sun zuba kuɗi a asusun yaƙi, a zamanin da ake lissafa fam 5,000 a matsayin kuɗin Spitfire guda. Saboda wannan gudummawa aka raɗa wa runduna ta 91 ta sojan saman Ingila sunan Najeriya. Gwandu a lokacin tana cikin Lardin Sakkwato, Sarki Yahaya yana kan gado. An kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, wasu dubban kuma suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, inda jiragen Dakota ke jefo musu abinci da harsashi a cikin kurmi. Lambobin waɗannan Dakota suna nan a rubuce. Sunayen yawancin waɗanda suka tsinci buhunan ba su shiga littafi ba.

Kashi na biyu ya fi ɗaci, domin a gida ya faru. An kafa rundunar sojan saman Najeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma. Da yaƙin basasa ya ɓarke, a Kano aka sauke MiG-17 na farko cikin Agustan 1967, Il-28 suka biyo baya a 1968, Misirawa na cikin masu tuƙa su. Biyafara tana da nata: wani B-26 da aka ƙera a Amurka lokacin yaƙin duniya, ya yi aiki da sojan Faransa, ya bi ta hannun dillalai, Jan Zumbach ɗan Poland ya kawo shi, ya kai hari Makurɗi da Kano, aka bar shi a Enugu da garin ya faɗi cikin Oktoban 1967. A Mayun 1969 Carl Gustaf von Rosen ɗan Suwidin ya zo da ƙananan jirage MFI-9 ɗauke da rokoki. Ranar 5 ga Yuni, 1969, MiG-17 na Najeriya ya harbo jirgin agaji na Red Cross ƙirar DC-7. A Oktoban shekarar shugaban rundunar sojan saman Najeriya da kansa, Kanar Shittu Alao, ya rasu a hatsarin L-29. 'Yan jarida da ma'aikatan agaji sun ba da shaidar bama-baman da suka faɗa kan kasuwanni da asibitoci a garuruwan Gabas. Wasu daga cikin jiragen ɓangarorin biyu suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, wanda aka kafa a 1985, littafin da ya fi bin diddiginsu ɗaya bayan ɗaya kuwa wani Bature ne, Michael Draper, ya wallafa shi a 1999.

Idan mai bincike ya tsaya a sha'awar ƙira da ƙarar inji, ya kau da kai daga kasuwar, to zargin malamin ya hau kansa. Suratul Hadidi ta ambaci ƙarfe da fuskoki biyu, tsananin ƙarfin yaƙi da amfani ga mutane, tarihin da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya rabin shaida ne. A nan ma Gwandu tana da abin koyi. A Tazyinul Waraƙat Malam Abdullahi ya rubuta nasarar Tafkin Kwatto ta 1804, bai kuma ɓoye asarar da jama'a suka yi a Alwasa a 1805 ba, bai yi shiru kan son duniya da ya ga ya shigi wasu daga cikin mutanensa ba. Abin ya dame shi har ya bar gida ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsai da shi. Marubuci ne da ya kafa shaida a kan ɓangarensa.

Wannan ba maganar jiya kaɗai ba ce. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan sama ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, mutum fiye da 100 suka rasu. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, aka binne aƙalla mutum 85. Wasiyyar Halifa Abubakar ga kwamandan da ya tura Sham, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta hana taɓa mata da yara da tsofaffi. Suratun Nisa'i kuma ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Ba a biyan diyya sai an san wanda aka kashe da magadansa, ba a gyara kuskure sai an san wane jirgi, ƙarfe nawa, da umarnin wa. Malaman usulu suna da ƙa'idar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Ta wannan ƙofa rubuta tarihin jirgin yaƙi ya fita daga sha'awa ya shiga haƙƙi.

Rubutun yana kare sojan ma. Matuƙin da ya kai ɗauki ga ƙauyen da 'yan bindiga suka kewaye, ko wanda aka harbo jirginsa kamar Alpha Jet ɗin da ya faɗi a dajin Zamfara cikin Yulin 2021 matuƙinsa ya tsira da ƙafa, yana da haƙƙin a san abin da ya yi, kada ji-ta-ji-ta ta haɗa shi da laifin wani.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin Lardin Sakkwato na zamanin Turawa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta ba da labarin yaƙin duniya na biyu da Hausa tun daga farkonsa. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Tsofaffin jiragen rundunar Najeriya, irin su MiG-21, da kuma Jaguar 18 da aka saya a shekarun 1980 aka ajiye bayan ɗan gajeren aiki, suna buƙatar wanda zai kwafi lambobinsu da takardunsu kafin rana da tsatsa da 'yan gwangwan su riga shi. A gidajen da kakanni suka je Bama kuwa, ana iya samun littafin sallama mai lambar soja a ƙasan adaka, da jikokin da suka ji labari daga bakin mai shi.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana zaune a Kalgo, ba nisa da waɗannan garuruwa. Ɗalibin tarihi ɗan Cheberu ko Gwandu zai iya farawa da waya da littafin rubutu: ya ɗauki hoton littafin sallama, ya rubuta sunan dattijon da ya ba shi labari da wanda dattijon ya ji daga gare shi, ya sa rana da wuri, sa'an nan ya tafi Kaduna ya gwada abin da ya ji da abin da ke cikin fayil.